Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Jakara ta ci takalmina

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya ce yawon da nake yi bayan an tashi makarantar allo ya isa haka. Washegari ya danƙa ni a hannun Kawu, ƙanen Innarmu, mai rumfar kayan fata a Kasuwar Kurmi. Shekarata 11.

Aikina shara, kaɗe ƙurar jakunkuna da alabe, sai ɗauko abincin rana daga gida. Amma sai da na yi wata guda ina ɓata. Ka bi ta 'yan turare ka ɓulla 'yan sirdi, ka juyo ka tsinci kanka cikin masu littattafai, kowane lungu kamar wanda ka baro. Da hanci na koyi hanya: in warin jima ya buge ni, na san na iso.

In ciniki ya yi sanyi, sai Kawu ya kishingiɗa ya buɗe labari. A bakinsa na ji cewa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar. Kafin nan wurin kurmi ne na gaske, duhuwar itatuwa a bakin rafin Jakara inda mutanen Dala suke tsafi. Larabawan Dandalin Turawa kuwa a nan suke sayen jar fata, raƙuma su keta Sahara da ita har Tarabulus.

Na leƙa ruwan, baƙi ƙirin, ga wari. Na ce, "Kawu, wannan kwatar?"

Ya ce, "Kai yaro, iya bakinka. Ta girmi kakan kakanka."

Ran nan cikin Agusta aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na taho da kwanon dambu a ka, na hau katakon da muke tsallakawa, santsi ya kwashe ni. Kwanon na riƙe gam, amma takalmin sallata ƙafa ɗaya ya bi ruwa ina kallo. Yanzu an shimfiɗa titi a kan wurin, yarana in na nuna musu dariya suke yi.

Na iso rumfa ina kuka. Kawu ya dubi ƙafata.

"Abincin fa?"

"Ga shi, Kawu."

"To share hawayenka, la'adarta ta karɓa."

Bayan ya ci, ya jawo guntun ƙirgi, ya ce in taka. Ya zagaye tafin ƙafata da gawayi, ya miƙo mini wuƙa. Yadda na yi da wuƙar nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.