Yadda na samu wurin koyon kafinta da ɗan abin aljihu a Kumasi

A Kumasi yaro ne ke biyan masta, ba masta ke biyan yaro ba. Za ka kai kuɗin shiga da lemo, wani ma sai ka zo da zartonka da gudumarka, ka yi kamar shekara 3 kafin a yaye ka. Ni kuwa gidanmu a Aboabo da kokon da mahaifiyata ke sayarwa muka dogara, ba zan iya wuni a shago in dawo hannu rabbana ba.

Na fara da kasuwar katako ta Sokoban, inda aka mayar da kafintocin unguwar Anloga da masu sayar da katako. Akwai gwanaye a can, masu gadaje da ƙofofin katakon odum, amma duk wanda na tambaya, abin da zan kawo yake fara lissafa mini.

Kawuna ne ya buɗe mini hanya. Ya ce, "Ɗana, bar masu kujeru tukuna, nemi mai rufin gini." Gaskiyarsa. Mai gado sai ya sayar yake ganin kuɗi, shi kuwa mai ɗora rufi da kafa katakon zuba kankare kwangila yake karɓa, kullum yana buƙatar hannu, don haka ba ya jin nauyin sallamar yaro da yamma.

Bayan sallar Juma'a Kawu ya kai ni wurin wani masta a Asawase. Wannan rakiya ta fi takarda daraja, domin mutum ba ya miƙa wa baƙon ido kayan aikinsa. A gaban Kawu aka yanke komai: kuɗin abinci da na mota duk ranar aiki, ƙari idan na iya awo da yanka, kuɗin shiga kuma a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Na roƙi a rubuta, aka rubuta.

Watannin farko ɗaukar katakon da ake kira wawa ne da cire ƙusa, kafaɗa ta sha wuya. Kafin in amince sai da na tambayi manyan yaransa ko yana barinsu su riƙe zarto, domin akwai shagon da yaro zai shekara yana shara da aike. Suka ce yana bari. Yanzu ni ke yanka katakon rufi, kuma ina tara kuɗin jarrabawar samun takardar shaidar sana'a.