Mako na bakwai: birkin gaba ya koya mini hankali

'Yan'uwa masu koyon hawan keke a turbobin daji, wannan makon da gwiwa a ƙuje na dawo. A wata gangara mai tsakuwa keken ya ɗauki gudu, gabana ya faɗi, na damƙe birkin gaba da yatsu huɗu. Kafin in ankara tayar baya ta tashi, na wuntsila ta saman kan keken. Hular kwanona ta tsage ta gefe, kuma na jefar da ita, don abin da ke cikinta bugu ɗaya yake ɗauka. Ko ba ka ga tsaga ba, ta gama aikinta.

Laifina ne. Yawancin ƙarfin tsayawa yana birkin gaba, saboda haka lallaɓa shi ake yi da yatsa ɗaya tare da na baya. A gangara sai ka tashi daga sirdi, feda biyu a daidaice, gwiwa da hannu a sake, ido can gaba inda kake son bi. Dutsen da ka zuba wa ido, shi za ka hau. Na kuma rage iskar taya kaɗan, yanzu ta fi kama ƙasa.

Abin da ya fi ba ni kunya ba faɗuwar ba ce. Da na miƙe sai ga wani dattijo yana hawowa a ƙafa, taku kaɗan tsakaninmu. Da ban faɗi ba, da shi zan kwasa. Bai ce uffan ba, ya miƙo mini gorar ruwana.

Mai keke ne ke ba mai ƙafa da mai doki hanya, mai gangarowa kuma ya kauce wa mai hawa. Doki na tsorata da abin da ya zo shiru, ku yi magana tun daga nesa.

Kuma ba kowace turba ce tamu ba. A Ingila dokar 1968 ta yarda keke ya bi hanyar dawakai, ban da ta masu ƙafa zalla. Sikotilan ta buɗe yawancin filaye a dokar 2003, da sharaɗin kiyaye haƙƙin mutane. Ku tambayi mai wuri kafin ku shiga. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta.

Mako mai zuwa zan koma gangarar nan, amma sai laka ta bushe, kada taya ta yi wa hanyar rami. Na riga na gaya wa ƙanena inda zan bi da lokacin dawowata.