Kwanan hamada a gefen Area 51

Daga Las Vegas zuwa ƙauyen Rachel, maƙwabcin Area 51, sansanin sirri na sojan Amurka da ake raɗe-raɗin ana ganin jiragen baƙin sama a yankinsa, tafiyar awa biyu da wani abu ce a mota, kuma gara mutum ya cika tanki a Alamo, don gaba sai fili fetal. Titin mai lamba 375 ne, wanda gwamnatin jihar Nevada da kanta ta raɗa wa sunan titin halittun wata duniya a 1996. Shanu na yawo a kansa ba makiyayi ba shinge, kuma baƙar saniya cikin duhu ta fi kowane baƙon sama haɗari ga direba.

Da la'asar ni da abokin tafiyata muka bi hanyar burji har bakin iyakar sansanin. Allunan gargaɗi ne da 'yan sanduna ruwan lemo, sai wata farar a-kori-kura a kan tudu, masu gadi na ciki suna kallonmu. Ba su ce mana kanzil ba, mu ma ba mu matsa ba, don wanda ya ƙetare kamu ne da tara. Sansanin kansa ba a ganinsa, duwatsu sun tare. Tun 1995 gwamnati ta karɓe tuddan da ake leƙe daga kansu, yanzu sai an hau dutsen Tikaboo, mai nisan kusan kilomita 40.

Aikin na dare ne. Sanyi ya sauko kamar tsakiyar hunturu, muka lulluɓa da bargo, ga fulas ɗin shayi. Wani dattijo da ya daɗe yana zuwa wurin ya sa muka kashe tocila da waya, ya ce ido sai ya yi kamar minti ashirin a duhu kafin ya fara gani sosai. Can sai ga wasu fitilu jajaye-jajaye sun bayyana a jere ta kudu, sun tsaya cak, ba ƙara ko kaɗan. Gabana ya faɗi, abokina na ta salati. Dattijon ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya ce in duba saman kowace. Siririn hayaƙi ne ke tashi, fitilun kuma a hankali suke sauka, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wutar haskawa ce da jiragen yaƙi ke saki da 'yar laima lokacin atisaye, domin yankin duk filin horon sojan saman Nellis ne.

Daga nan na koyi tankaɗe abin da na gani kafin in buɗe baki. Haske mai ƙarfi da bai motsi ta yamma bayan magariba, Zara ce. Wanda ke tafiya a miƙe ya ɓace farat ɗaya, tauraron ɗan Adam ne ya shiga inuwar duniya. Idan sun zo a layi, taurarin intanet na Starlink ne. Abin da ya rage bayan tankaɗe, ka rubuta lokacinsa da shiyyarsa, kada ka yi masa ƙari.

Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki na 'yan Adam ne. Sai a 2013 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fitar da takardun da suka amsa cewa sansanin na nan, kuma a 1955 aka buɗe shi don gwajin jirgin leƙen asiri U-2. Jirgin yana haura ƙafa 60,000, lokacin da jiragen fasinja ba sa wuce 20,000. Rana ta faɗi a ƙasa amma tana haska fikafikansa can sama, matuƙa su ga abu na walƙiya su kai rahoto. Hukuma ta san ko mene ne, ta yi gum, kuma a ganina labarin baƙin sama ya yi mata rana. Ma'aikatan sansanin kuwa, fararen jirage masu jan layi ne ke kwasarsu daga filin jirgin Las Vegas da safe, a gaban idon kowa.