Ranar da hoton WhatsApp ya kusa kayar mana da shari'a

Da na fara aiki a wani ofishin lauyoyi a cikin garin Bauchi, dukiyar ogana ita ce kabad uku maƙare da kundin NWLR, rahoton hukunce-hukuncen da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985. Hukunci guda zan nema, sai in wuni ina buɗe littafi ina shaƙar ƙura. Ni na matsa masa lamba har muka sayi kwamfuta, muka biya kuɗin LawPavilion, manhajar neman hukunce-hukuncen kotu, muka sa sola saboda ɗauke wuta. Aikin wuni ya koma na minti goma. Rajistar kamfani ma a shafin hukumar CAC nake yin ta ina zaune.

Inda na ɗauki darasi na gaske shi ne wajen gabatar da shaida.

Wani dattijo ɗan kasuwar Muda Lawal ya ba abokin cinikinsa masara bashi. Ba rubutu, ba shaidu, amana ce kawai. Da magana ta lalace, abin da ya rage a hannunsa saƙonnin WhatsApp ne, inda mutumin ya amsa da kansa nawa ake bin sa. Na ɗauki hotonsu, na buga a firinta, zuciyata fes.

Ranar sauraro a babbar kotu, ina miƙa takardun sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe, ya kira sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Ina takardar tabbatarwa da sashen ya ce a haɗa da shaidar da ta fito daga kwamfuta? Gabana ya faɗi. Na karanta sashen a makaranta, na san shari'ar Kubor da Dickson inda Kotun Ƙoli ta ƙi yarda da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗansa ba, amma a raina waya ba kwamfuta ba ce. A idon doka kuwa kwamfuta ce. Dole a bayyana wace na'ura ce ta fitar da takardar, ta wace hanya, ana amfani da ita a kai a kai, kuma lafiyarta ƙalau a lokacin, sannan mai kula da ita ya sa hannu.

Ogana ya sunkuyo ya raɗa mini: “Barista, janye takardar kafin mai shari'a ya yanke hukunci a kanta.” Ya san in aka yi mata tambarin ƙin karɓa, ta mutu ke nan a wannan shari'ar. Na janye, muka roƙi a ɗage zama.

A bakin kotu dattijon ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, kuɗina sun tafi ke nan?” Na ce, “A'a Baba, in Allah ya yarda. Amma wayar nan tana ina?” Ashe ɗansa ya sayo masa sabuwa, yana shirin kai tsohuwar kasuwar Wunti ya sayar. Da an goge ta, da ba mu da abin kamawa. A daren na je gidansa, muka rubuta samfurin wayar da lambar jikinta, da firintar da na yi amfani da ita, shi ya sa hannu a tasa takardar, ni a tawa. A zama na gaba kotu ta karɓi shaidar.

Tun daga nan, duk wanda ya shigo da maganar bashi ko fili, kafin ya gama zama nake tambayarsa wayar da aka yi maganar da ita, in roƙe shi kada ya goge ko saƙon murya ɗaya. Na kuma daina tura takardun mutane shagon buga takardu, domin sirrin wanda muke karewa amana ce, kuma a can kowa na iya buɗe fayil. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan kwafe ayyukan mako zuwa faifan ajiya, ogana ya tafi da shi gida.