Talata: ni da lissafin ilektron 18

Bayan sallar isha'i nake rubuta wannan. Yau ba mu da lakca sai ƙarfe biyu, shi ya sa tun da hantsi na tare a laburare, sashen littattafan da ba a fita da su. Jarrabawa ta ƙarato, kuma kwas ɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kemistirin oganometalik, ilimin sinadaran da ƙarfe ke ɗaure da kabon kai tsaye a cikinsu. Tun ranar farko malam ya ce takardun da ya raba mana manuniya ce kawai, karatun yana cikin littafi.

Dattijon da ke kula da sashen ya ga ina kinkimo littattafai ya ce, "'Yata, duk yau za ki cinye waɗannan?" Na ce, "Baba, a dai sa mu a addu'a." Akwai tsohon bugun littafin Cotton da Wilkinson, wanda aka fara fitarwa a 1962, bangonsa ya sha gyara. Akwai wani sabo-sabo a kan ƙarafan tsakiyar jadawalin sinadarai. Sai kundin alƙaluma, wanda ba a karanta shi a jere, dubawa ake yi.

Da ferosin na fara, don kusan kowane littafi da shi yake buɗe wannan babi. A 1951, Kealy da Pauson a Amurka suna neman haɗa wani sinadari daban, sai ga wani gari ruwan lemo wanda iska ba ta ɓata shi, zafi ma ba ya saurin rusa shi. Siffar da suka zana masa ba ta bayyana dalilin wannan juriya ba. A 1952 Wilkinson da Woodward a Amurka, da kuma Fischer a Munik ta Jamus, suka gano yadda yake: zarrar baƙin ƙarfe guda a tsakiya, zobe mai kabon biyar a sama, wani a ƙasa, kamar goro tsakanin faifai biyu. Fischer da Wilkinson sun karɓi kyautar Nobel a 1973. Da na kai nan sai na juya littafin na sake kallon sunan da ke bayansa. Mutumin da ya warware matsalar shi ne yake koya mini ita, kuma wannan ya ƙara mini natsuwa.

Inda na daɗe shi ne ƙidayar ilektron, wato ƙa'idar da ta ce irin waɗannan sinadarai sun fi zama daram idan ilektron da ke kewaye da ƙarfen sun cika 18. A wani wuri an ɗauki baƙin ƙarfen ferosin ba shi da caji, ilektron 8, kowane zobe ya kawo 5, jimla 18. A wani wurin kuma an ce ƙarfen ya rasa biyu, saura 6, kowane zobe ya kawo 6, jimla dai 18. Wanda ya riƙe littafi ɗaya tak zai zaci hanyarsa ce kaɗai, ranar da ya ci karo da ɗayar sai ya rikice. Da na shimfiɗa su gefe da gefe na ga duk biyun tsarin lissafi ne, sinadarin bai canja ba. Sharaɗin kawai kada ka fara da wannan ka ƙarasa da waccan. Dalilin 18 ɗin ma a bayyane yake: waɗannan ƙarafa suna da obital, wato mazaunin ilektron, guda tara a waje, s ɗaya, p uku, d biyar, kowanne yana ɗaukar biyu.

Na ɗauki fensir na bi sinadaran kabonil ɗaya bayan ɗaya, wato waɗanda ƙarfe ke ɗaure da CO (kabon ɗaya da oksijin ɗaya) a cikinsu, kowace CO tana kawo biyu. Nikel yana da 10, ya ɗauki CO huɗu. Baƙin ƙarfe 8, ya ɗauki biyar. Kuromiyam 6, ya ɗauki shida. Duk 18. Da na zo kan manganis mai 7, CO biyar suka kai shi 17, saura ɗaya. Kafin in juya shafi na ce a raina, to ai sai dai su haɗu biyu su yi tarayya. Na juya, ga shi kuwa: Mn2(CO)10, da ɗauri tsakanin ƙarafan biyu. Wallahi sai da na ɗago kai ina neman wanda zan nuna wa. Ban taɓa jin daɗin ƙa'ida irin na yau ba, don ta faɗa mini abin da zan tarar tun ban gan shi ba.

Sabon littafin ya fi tsohon haƙuri wajen bayanin waɗanda ba su cika ƙa'idar ba, kuma a ganina nan ne amfaninsa. Gishirin Zeise, wanda wani masani ɗan Danmak ya haɗa wajajen 1827, mai ɗauke da filatinam da etilin, ilektron 16 gare shi, kuma sai a shekarun 1950 aka fahimci yadda ɗaurinsa yake. Sinadarin rodiyam da ake kira da sunan Wilkinson shi ma 16 ne. Wannan gurbin da bai cika ba shi ke ba wani sinadari damar zuwa ya zauna a kan ƙarfen, a sarrafa shi, ya tashi, wani ya zo. Da a cike yake, da aikin bai yiwu da sauƙi ba.

Lakcar rana a kan yadda ƙarfe ke mayar wa CO da ilektron ce. Bayan la'asar na koma na duba alƙaluman infrared, ma'aunin da ke sauka idan ɗauri ya yi rauni, don in gani da idona. CO ita kaɗai tana nunawa a 2143. A jikin kuromiyam ta sauko wajen 2000. A jikin banadiyam mai cajin ragi ta kai wajen 1860. Gwargwadon ilektron da ƙarfe ya mayar mata, gwargwadon raunin ɗaurin kabon da oksijin. Abin da malam ya yi ta zanawa a allo, lambobi uku suka zaunar mini da shi.

Abu ɗaya ya ɗan sosa mini rai. Yawancin waɗannan sinadarai ba sa jure iska ko danshi, sai a ƙarƙashin iskar agon ko naitirojin ake aiki da su, kayan da ba mu da su a ɗakin gwajinmu. Wasu ma guba ne, kamar nikel kabonil da Mond ya gano a 1890, ruwa ne da ke tafasa a digiri 43, shaƙarsa kaɗan na iya kisa. Ke nan a shafin littafi za mu san su, shi ya sa ba na yarda in karanta su sama-sama.

Da magariba Umma ta kira, ta tambaye ni me ake yi da wannan karatu da ya hana ni kiran gida. Na ce, "Umma, buhun shinkafar da ke ɗakin ajiyarki, robar da aka saƙa shi da ita da sinadaran titaniyam da alminiyam ake haɗa ta." Ziegler da Natta ne suka buɗe wannan hanya, suka sami Nobel a 1963. Ta ce, "To Allah ya yi albarka, amma ki ci abinci."

Akwai wanda na kwafo zan kai wa rukuninmu na karatu gobe in Allah ya kai mu. Banadiyam mai CO shida, ba caji, ilektron 17 gare shi, daidai da manganis ɗin ɗazu, amma shi bai haɗu biyu ba, zaman kansa yake yi. Bayanin da aka bayar shi ne cunkoso: CO shida sun riga sun kewaye ƙarfen, babu sararin ɗauri na bakwai. Zan ba su lissafin tukuna su faɗi abin da suke tsammani, sannan mu zana siffar tare.