Karkatacciyar saƙa a cikin amya

A sana'armu ta kiwon zuma, korafin da ya fi zuwa daga waɗanda muke sayar wa amya shi ne: an zo ɗaga sanda ɗaya daga cikin na saman amyar, uku sun taso tare. Ƙudan sun yi saƙa a gicciye, sun ɗinke sandunan. Ka ja da ƙarfi saƙar ta tsage, zuma ta malale, ƙudan su harzuƙa, wani lokaci har sarauniya ta mutu a ciki.

Amyar gargajiya ta ciyawa da ake ratayewa a kan ɗorawa ba ta da wannan damuwa, tunda ranar ɗiba kwashe komai ake yi. Mu kuwa amyar Kenya muke aiki da ita, akwatin katako mai sanduna jere a sama, kuma amfaninta duka shi ne kowace sanda ta ɗauki saƙa ɗaya, a ɗaga a duba a mayar. In hakan bai samu ba, kuɗin katakon ya tafi a banza.

Mutane sukan ce ƙudanmu na Afirka ne masu taurin kai. Ni dai yawancin amyoyin da aka kira ni na duba, a hannun kafinta matsalar ta fara. Tun 1851 Langstroth, wani limamin coci a Amurka, ya lura cewa ƙudan zuma na barin hanyar wucewa ta milimita 6 zuwa 9 tsakanin saƙa da saƙa. Gurbin da bai kai haka ba su toshe shi da danƙo, wanda ya wuce su cike shi da saƙa. Ƙudanmu sun fi na Turai ƙanƙanta, shi ya sa faɗin sanda a nan milimita 32 ne, ba 35 ba. Kafinta kuma da inci ya saba. Ka ce masa 32, ya yanka inci ɗaya da rabi, wato 38, ya ce maka ai ɗan bambanci ne, Alhaji. Sanda ta farko da ta biyu ba za ka ga komai ba, amma kafin ta shida saƙa ta hau kan maƙwabciya. Yanzu inci ɗaya da kwata nake faɗa, in kuma ba shi sandar gwaji ya riƙe. Ɗanyen katako ma ba na karɓa, domin hunturu na busawa zai tsuke.

Sai zaman amyar. Ƙudan a tsaye cak suke sauke saƙarsu zuwa ƙasa, ba ruwansu da yadda akwatin ya karkata. Kwanon ruwa nake ɗorawa a kan murfi in ga inda ya rinjaya, musamman bayan damina ko in gara ta ci ƙafar teburi. Kowace sanda kuma muna zuba mata siririn layin narkakken kaki a tsakiya, daga wannan kai zuwa wancan, don su samu abin bi.

Saƙar farko ita ce jagora, sauran kwaikwayonta suke yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sabuwar saƙa fara ce mai laushi. Da yamma, in rana ta yi sanyi, sai a busa hayaƙi kaɗan, a yanke gefen da ya kauce da wuƙa, a turo shi kan layi, a ɗaure da zare ko tsumma. Ƙudan za su liƙe ta, su cinye zaren su fitar. Lokacin furen kaɗanya da ɗorawa ne aka fi buƙatar sa ido, saboda saƙar zuma kan yi kauri ta kumburo. A nan mukan zura sanda marar komai tsakanin miƙaƙƙun saƙa biyu.

Amyar da ta riga ta cakuɗe gaba ɗaya kuwa, ba na taɓa ɓangaren 'ya'ya. Ina jira lokacin ɗiba in yanke na zumar kaɗai, in tace shi daban, domin saƙar da ta haɗu da tsutsa tana ɓata zuma, ba na zuba ta a kwalbar sayarwa. Kakin kuma a narkar, da shi za a ja layin sababbin sanduna.