Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Giɓin da Ya Ƙi Rufuwa

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya damƙa mini kamfas da rula, ya ce sai na ƙware a kan kwali kafin in taɓa tayil na gaske.

Guntayen kwali masu kusurwa huɗu ba su ba ni wahala ba wajen jera su babu giɓi. Masu shida ma suka zauna daram kamar saƙar zuma. Sai zuciyata ta raya mini in gwada masu kusurwa biyar. Na yanka goma sha biyu, na baje a kan tebur. Na haɗa uku baki da baki, sai ga wani siririn giɓi mai tsini kamar bakin mashi. Na huɗun ya ƙi shiga, sai dai ya hau kan 'yan'uwansa. Kwana uku ina sake yanka ina zargin hannuna, har almakashi ya yi mini kanta a babban yatsa.

Kawu ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ɗana, hannunka lafiya lau. Yi lissafi." Kowace kusurwa digiri 108 ce, uku sun ba da 324, cikakken zagaye kuwa 360 ne. Saura 36.

Na ce, "To Kawu, babu wata dabara?"

Ya ce, "Magina na da sun san ta. Ni dai ban gada ba."

Maganar nan ta zauna mini a rai shekara da shekaru. Sai da na girma na karanta cewa a shekarun 1970 wani masanin lissafi na Ingila, Roger Penrose, ya fito da siffofi biyu kacal da ke rufe fili kaf, zanen kuma ba ya taɓa maimaita kansa. Da na ga hoton, gabana ya faɗi. Ɗaya daga cikinsu siririya ce, tsininta digiri 36. Giɓina ne sak!

Akwai kuma masanin kimiyya Dan Shechtman, wanda a 1982 ya ga irin wannan tsari a cikin wani haɗin ƙarfe na alminiyam da manganis. Manyan masana suka ƙaryata shi, amma a 2011 ya karɓi kyautar Nobel.

Abin da ya fi taɓa ni dai shi ne binciken Peter Lu da Paul Steinhardt na 2007. Sun nuna cewa adon bangon hubbaren Darb-i Imam da ke Isfahan a Iran, ginin 1453, ya kusa zama irin tsarin Penrose, shekara ɗari biyar kafin shi. Magina na da ɗin da Kawu yake faɗa ke nan, masu aiki da kamfas da rula irin nawa.

Na buga hoton adon bangon a takarda, na kai wa Kawu. Lokacin idanunsa sun fara rauni. Ya matso da ita daf da fuskarsa, yana bin layukan da yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce in ɗauko masa tsohon kamfas ɗin nan.

Abin da muka zana a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.